Babi na Biyar: Shekarar da Aka Buɗe Rumbunan Kaisariya

Tsakanin shekara ta 368 da ta 369 sama ta rufe a ƙasar Kafadokiya, can tsakiyar inda ake kira Turkiyya a yau. Manoman wannan yanki da ruwan lokacin sanyi da dusar ƙanƙara suke dogara, su ne ke jiƙa ƙasa kafin shuka ta ɗaga kai. A wannan karon sanyin ya zo a bushe, zafi ya biyo baya babu ko yayyafi. Iri ya mutu a cikin ƙasa, wanda ya tsiro kuma rana ta ƙone shi. Wani mai wa'azi da ya ga abin da idonsa ya ba da labarin koguna da suka ƙafe har yara ƙanana na tsallake su da ƙafa, da manoma zaune a bakin gona sun rungume gwiwa suna hawaye, suna duban matansu da 'ya'yansu.

Babban birnin ƙasar shi ne Kaisariya, wanda yanzu ake kira Kayseri. Birni ne na tudu, nesa da teku. Garin da ke bakin teku in fari ya same shi, jirgin ruwa na iya kawo masa hatsi daga wata ƙasa. Kaisariya kuwa sai dai a ɗoro wa dabbobi kaya a ratsa duwatsu, kafin ya iso kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Amma Giregori na Naziyanzu, wanda ya rubuta labarin wannan yunwa daga baya, bai ɗora babban laifin a kan fari ko nisan teku ba. A ganinsa abin da ya fi muni shi ne halin masu hatsi. Akwai abinci a cikin birnin. Yana kulle a rumbunan attajirai, suna jiran farashi ya ƙara hawa.

Mai wa'azin nan sunansa Basil. A lokacin bai zama bishop ba tukuna, firist ne a ƙarƙashin Bishop Yusebiyus, shekarunsa ba su kai arba'in ba. Na zaɓi labarinsa a wannan babi ne domin ban san wani wuri a tarihin ikilisiya da nagarta da sakin hannu suka fito tare a fili kamar yadda suka fito a wannan shekara ba, har mutum ya ga cewa ɗaya ba ta tsayawa sai da ɗayar.

An haifi Basil wajajen shekara ta 330 a gidan arziki mai gonaki a lardi fiye da ɗaya. Ya yi karatu a Kustantiniya, ya wuce Atina, inda ya ƙulla abota da Giregori na Naziyanzu. Ya dawo gida da ilimi da kuma girman kai, kamar yadda ƙanensa Giregori na Nissa ya faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Yayarsu Makrina ce ta sauko da shi ƙasa. Bayan an yi masa baftisma ya zaga Masar da Falasɗinu da Siriya yana ganin rayuwar waɗanda suka bar duniya suka keɓe domin addu'a. Ya yaba musu, amma bai yarda mutum ya zauna shi kaɗai a jeji ba. Hujjarsa ita ce Ubangiji Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa ya ce a yi koyi da shi, wanda kuwa ya keɓe shi kaɗai ba shi da wanda zai wanke wa ƙafa. Wannan tunani ne yunwa ta zo ta gwada.

Abin da ya fara yi shi ne wa'azi, kuma wa'azin ya tsira har yau. Ɗaya daga ciki a kan misalin nan ne na Bisharar Luka sura 12, na mai arzikin da gonarsa ta yi albarka har ya rasa inda zai zuba amfanin, ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Basil ya lura da abin da yawancinmu kan wuce. Mutumin bai yi sata ba, bai ƙwace gonar kowa ba. Allah ne ya ba shi ruwa da rana da ƙasa mai kyau. Laifinsa shi ne duk tsawon shawarar da ya yi da zuciyarsa, ko sau ɗaya maƙwabci bai faɗo masa a rai ba. Yana neman wurin ajiya alhali ga cikin mayunwata a ƙofar gidansa.

Daga nan Basil ya kai magana inda masu kuɗi ba sa so ta kai. Ya ce abin da ya rage maka bayan biyan bukatarka ba naka ba ne, amana ce. Gurasar da ka ajiye ta mai yunwa ce, rigar da ke ninke a akwati ta wanda ba shi da sutura ce, takalmin da ke lalacewa a ɗaka na mai tafiya ƙafa ba takalmi ne. Idan ana kiran wanda ya tuɓe wa mutum riga ɓarawo, in ji shi, wanda yake da ikon suturta mutum ya ƙi, wane suna ya dace da shi? Wannan magana tana da nauyi, kuma na san masu bi na kirki da ke jin ta yi tsauri. Amma ita ce ke canza yadda mai bayarwa ke kallon kansa. Wanda ya ɗauka dukiyarsa tasa ce, in ya bayar yana jiran godiya. Wanda ya san amana ce a hannunsa, in ya bayar ya sauke nauyi ne, kamar ɗan aike da ya kai saƙo gidan da aka aike shi.

A cikin wannan wa'azi akwai wani wuri da ba ya fita a ran wanda ya karanta. Basil ya zana wani uba da ya duba ɗakinsa bai ga abin sayarwa ba, babu zinariya, kayan ɗakin ba su kai a taya ba, sai idonsa ya sauka a kan 'ya'yansa. A daular Roma ana sayar da yara bayi, kuma yunwa ta kai wasu iyaye ga haka. Uban ya dubi babban, ya tuna shi ne ɗan fari. Ya dubi ƙaramin, tausayi ya kama shi, yaron bai ma san abin da ake ciki ba. Wannan kamarsa ɗaya da iyayensa, wancan kuma ga kaifin ƙwaƙwalwa. In ya riƙe su duka zai ga yunwa ta cinye su duka, in ya sayar da ɗaya da wane ido zai dubi sauran? A ƙarshe ya kama hannun ɗaya ya nufi kasuwa yana kuka, mai saye kuwa ya tsaya yana ciniki, yana neman ragi. Ka tuna a gaban wa aka faɗi wannan. Mai yiwuwa masu irin wannan cinikin suna zaune a cikin majami'ar.

Wani zai ce, to tanadi laifi ne? Manomin da ya cika rumbunsa da kaka domin ya ga bayan damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, bai yi laifin komai ba, hankali ya yi. Yusufu ma ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, kuma Basil da kansa ya kafa misali da shi, ya ce a yi koyi da yadda ya buɗe rumbuna. Bambancin yana ga abin da ake jira. Wani yana ajiya yana jiran ranar bukata domin ya fitar, wani yana ajiya yana jiran ranar bukata domin ya tsawwala. Duk wanda ya taɓa ganin kuɗin mudun gero na hawa a watan Agusta alhali shaguna na kulle cike da buhuna ya san mutum na biyun, ba sai an kai shi Kafadokiya ba.

Bai bar talaka a baya ba. A wa'azinsa na lokacin fari ya juya ga wanda gurasa ɗaya ta rage masa, ya ce in mai roƙo ya tsaya a ƙofa a raba da shi, ya tuna musu da gwauruwar Zarefat da ta ciyar da annabi Iliya da ragowar garinta. Haka Yesu ya yaba wa gwauruwar da ta jefa anini biyu a baitulmalin Haikali fiye da attajiran da suka zuba da yawa, haka kuma Manzo Bulus ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya da suka yi gudummawa ga masu bi na Urushalima suna cikin tsananin talauci. A bangaskiyar Kirista ba a keɓe kyauta ga masu hali ba, kuma wannan daraja ce ga talaka. Ba a mai da shi mai miƙa hannu kawai ba.

Wa'azin ya yi aiki, wasu rumbuna sun buɗe. Basil ya sayar da abin da ya rage na gadonsa ya sayi abinci. Sai kuma abin da ya sa Giregori na Naziyanzu bai manta da wannan shekara ba. Basil ya tara mayunwata wuri ɗaya, maza da mata, jarirai da tsofaffi, wasu da ƙyar suke numfashi. Aka girka manyan tukwane na faten wake da nama mai gishiri, irin abincin talakawan ƙasar. Mutumin da ya yi karatu a Atina, ɗan babban gida, ya ɗaura tawul a ƙugu ya shiga hidima da hannunsa tare da barorinsa. Giregori ya ce yana kula da jikinsu, yana kuma haɗa musu da girmamawa, don kada abincin ya zo musu da kunya.

A nan nake ganin nagarta ta shigo. Manzo Bulus ya lissafa kirki da nagarta cikin 'ya'yan Ruhu a wasiƙarsa ga Galatiyawa, a wani wuri kuma ya gargaɗi Korintiyawa cewa mutum na iya rabar da duk mallakarsa ga matalauta amma in babu ƙauna bai ƙaru da komai ba. Da farko maganar kan ba da mamaki. Yaya mutum zai ba da komai nasa ba tare da ƙauna ba? Amma mun sha gani. Akwai kyautar da ake jefa wa mutum daga tagar mota. Akwai wadda sai an jera gwauraye a rana, an ɗauki hoto, an kira sunan mai bayarwa a lasifika sau uku kafin a miƙa ƙaramin buhun shinkafa. Cikin ya cika, amma an tafi da mutuncin mai karɓa. Basil yana da kuɗin da zai aika barori su raba, ya zauna a gida ya ji rahoto. Zuwan da ya yi da kansa shi ya nuna wa mayunwatan nan cewa su mutane ne da ake marmarin gani, ba matsalar da ake son kawarwa ba.

Ba shi kaɗai ba ne a gidansu. A gonarsu ta Annisa a lardin Fontus, Makrina ta tsinci yara mata da aka yasar a bakin hanya lokacin yunwa, ta rene su, suna kiranta uwa har ranar mutuwarta. Autansu Bitrus ya ciyar da jama'ar da suka yi ta kwararowa har wurin ya zama kamar gari.

Giregori na Nissa ya ƙara wani bayani mai muhimmanci: har 'ya'yan Yahudawa sun ci daga tukwanen nan. Ba a tambayi kowa addininsa kafin a zuba masa ba. Wannan hali ya riga Basil, kuma shaida mafi ƙarfi a kansa ta fito ne daga bakin maƙiyi. Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya yi karatu a Atina lokaci ɗaya da Basil, ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka. A shekara ta 362 ya rubuta wa babban firist na gumaka a lardin Galatiya yana ƙorafi cewa abin kunya ne a ce Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, su kuwa nasu ba mai kula da su. Ya ba da umarni a gina masaukan baƙi a kowane birni, ya ware wa lardin mudu 30,000 na hatsi da awon Romawa kowace shekara. Bai ga sakamakon ba, domin ya mutu a yaƙi da Farisa a shekara ta 363. Tun ƙarni ɗaya kafin haka, wajajen shekara ta 251, ikilisiyar Roma kaɗai tana ɗauke da nauyin gwauraye da mabukata sama da 1,500, a lokacin da ake tsananta mata.

Mu Hausawa ba baƙin alheri ba ne. Muna cewa alheri gadon barci ne, muna cewa danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma gaskiya ne. Muna da biki, inda mace za ta kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna ko aure, a rubuta, ranar nata a mayar mata har da ƙari. Wannan tsari ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ba na raina shi ko kaɗan. Amma yana zagayawa ne tsakanin waɗanda ke iya ramawa, wadda ta kasa mayarwa sau biyu kuwa a hankali za a daina zuwa mata. Yesu ya taɓa wannan wuri daidai a Luka sura 14, inda ya ce wa mai gidan da ya gayyace shi, in zai yi liyafa ya kira matalauta da guragu da makafi, domin su ba su da abin rama masa. Ina jin tsoron cewa yawancin abin da muke kira kyauta a majami'unmu biki ne da aka sa wa rigar Lahadi: mai kuɗi ya je ƙaddamar da ginin cocin abokinsa ya yi alkawari mai tsoka, domin ya san nasa na tafe. Wanda ke son ganin ɗaya irin, ya bi matan Zumunta na coci ranar da suka ɗauki itace da kwanon tsaba suka nufi gidan tsohuwar da ba ta da kowa.

Kada a ɗauka Basil mai rabo ne ido rufe. A ɗaya daga wasiƙunsa ya nuna cewa ana bukatar gogewa kafin a bambance mai bukata na gaskiya da wanda ya mai da roƙo sana'a saboda kwaɗayi, don haka ya fi son a damƙa rabon a hannun wanda ya san mutanen. Wannan ma koyi ne da manzanni, waɗanda suka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci sa'ad da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a Urushalima. Bulus da kansa ya ƙi ɗaukar gudummawar Urushalima shi kaɗai, ya nemi ikilisiyoyi su zaɓi waɗanda za su raka kuɗin don kada a sami abin zargi. Lissafi da tsari ba sa rage ƙauna, su ne ke sa ta kai inda aka nufa.

Yunwa ta wuce, amma Basil bai sauke tukwane ya koma ga littattafansa ba. Ya zama bishop a shekara ta 370, ya kuwa shiga gini a bayan birni: masaukin baƙi, wurin jinyar marasa lafiya da likitoci da masu jinya, gidajen ma'aikata, wuraren sana'a, da majami'a a tsakiya. Giregori na Naziyanzu ya kira wurin sabon birni, mutane kuma suka riƙa kiransa Basiliyas, da sunan mai shi. Masana tarihi da yawa suna lissafa shi cikin asibitocin farko a duniyar Kirista. An kai ƙararsa wurin gwamnan lardi, wani mai suna Iliya, Basil ya rubuta masa yana tambaya wa aka cuta don an gina wa baƙi da marasa lafiya mafaka.

Waɗanda suka fi kowa amfana su ne kutare. A wancan zamani ana korarsu daga gari, daga kasuwa, har daga bakin rijiya, 'yan'uwansu ma na gudunsu. Giregori ya ce Basil yana gaishe su da sumba kamar 'yan'uwa, yana kula da miyakunsu da hannunsa, ya sa sauran shugabanni suka ji kunya suka fara koyi da shi. Wanda ya san yadda har yau ake ware wa kuturu kwanonsa, ake ajiye masa sadaka a ƙasa don kada hannu ya taɓa hannu, zai gane girman wannan.

Sarkin Roma Falens ba ya shiri da Basil a kan koyarwar Allahntakar Almasihu, ya aika babban hakiminsa Modestus ya tsorata shi da ƙwace dukiya da kora da azaba. Basil ya amsa cewa babu abin ƙwacewa sai tsofaffin tufafi da 'yan littattafai. Ba cika baki ba ne, abin da ya rage masa ke nan. Da Falens ya zo Kaisariya da kansa a farkon shekara ta 372, bai kore shi ba, ya ma ba da filaye domin hidimar matalautan da Basil ke kula da su.

Jikinsa bai daɗe ba. Ciwo da azumi da aiki suka gama da shi, ya rasu bai cika shekara hamsin ba, ikilisiya na riƙe da 1 ga Janairu 379 a matsayin ranar rasuwarsa. Giregori na Naziyanzu ya ce a wajen jana'izar Yahudawa da masu bautar gumaka da baƙi sun yi ta kuka tare da masu bi, cunkoson ya yi yawa har wasu suka rasa ransu a ciki. A ƙarni na biyar, da masanin tarihin ikilisiya Sozomen ya zo rubuta nasa littafin, ya ambaci Basiliyas a matsayin shahararren gidan matalauta, ya ce har lokacin da sunan Basil ake kiransa.